Ranar da Anka Zo Cire wa Kulu Beli

To, ku gyara zama, ku 'yan firaktikal masu koyon aikin haƙori. Ɗazu ina wanke hannu na ji ɗayanku shina cewa aikin haƙori ba wani abu ba ne: ka soka allura, ka kama da filaya, ka girgiza, ka tumɓuke, ka ce na gaba ya shigo. Madalla da wanga ilimi. Da haka abin yake, da tuni maƙeran kasuwar Kaura sun ƙwace mana sana'a, don awartakinsu ya fi filayarmu ƙarfi, kuma su ba su jiran a kawo wuta.

Ni da na fara, ban taɓa filaya ba sai da na gaji da ganinta. Maigidana Malam Isiyaku, Allah ya jiƙansa, tukunyar dafa kayan aiki ya haɗa ni da ita. In wanke, in dafa, in jera, in sake. Ran da ya ga dama sai ya miƙo mini ɗan madubin nan mai doguwar wutsiya, ya zaunar da mutum, ya ce in leƙa. "Me ka gani?" In ce haƙori. Ya ce, "Wannan ko akuya ta gani. Sake leƙawa." Haka munka yi ta yi har ran da na ce, "Malam, na ga miyau." Ranar ce ya fara kirana da sunana. Ya ce miyau shi ne maigadin baki. Shi ke wanke ragowar tuwo, shi ke kashe tsami, shi ke hana naman ciki gogar juna. Ran da maigadi ya tafi, ɓarawo ba ya buƙatar tsani.

Na yi yawo da wagga magana a aljihu. Na yi aiki Maraɗi, na leƙa bakin Buzaye a Agadas inda shayi ya fi sukari kaɗan, na zauna Agege ina kankare jan goro a haƙoran 'yan uwanmu masu canji. Na ga baki iri-iri, har na ɗauka ba sauran wanda zai ba ni tsoro. Ashe shina nan gida shina jirana.

Shekarar da abin daji ya yi tsanani tsakanin Zurmi da Shinkafi, wani sabon baki ya fara shigo mana. Mutum zai zauna kan kujerar nan, ka ce ya buɗe, ka sa madubi ka ja kumatu, sai madubin ya manne. Ka ja, naman ya biyo shi kamar an shafa ƙaro. Harshe ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Gefen leɓe ya dare. Wani ka tarar da farin abu kamar kindirmo ya rufe ganɗa, in ka share, ƙasansa jawur. Haƙoran kuma ba daga sama suke ruɓewa ba irin na yara, a'a, daga wuya, daidai inda sunka haɗu da dasashi, zobe baƙi ya zagaye kowanne. Wasu kuma turamen sun siɗe sumul, don mai su na niƙa su cikin barci bai sani ba.

Duk masu wanga baki abu ɗaya ya haɗa su. Ko an ɗauke su an sako, ko an kashe wani a gabansu, ko sun kwana cikin dawa suna jin ana kiran sunan maƙwabci. Barci ya ƙaura, magana ta ƙaura, anka kai su wurin likitan ƙwaƙwalwa, ya ɗora su kan ƙwayar ciwon damuwa. Ƙwayar na aiki, kada ku ji an ce ba ta yi. Amma da yawanta na ƙafar da miyau. Su kuma don su jiƙa maƙogwaro sai su kwana da minti a kumatu, su yini da lemon kwalba. Maigadi ya tafi, ga sukari an shimfiɗa wa ɓarawo tabarma.

Kuma kada ku ce za ku tambayi mutumin nan, "Kana shan magani?" Zai ce a'a, ya rantse. Wa ke son a ce an gan shi layin mahaukata? Ni cewa nike, "Barci fa, ana samu?" In ya ce an fara samu, in ce, "Alhamdu lillahi, wa ya taimaka?" Nan za ka ga hannu ya tafi aljihu.

Cikin damina anka kawo mini Kulu, daga wani ƙauye bayan Kurya Madaro. Mace ce da ba ta wuce ta goya ba, mijinta na cikin waɗanda anka tare a gona ba su dawo ba. Yayanta Malam Bawa ya kawo ta, dogon mutum mai saurin magana, shi ya karɓe ta gidansa da ita da ɗiyanta. Shi ke magana, ita tana kallon tayil.

"Likita, tuwo ya ƙi wucewa. In ta sa loma sai ta tsaya nan." Ya nuna maƙogwaro. "Kullum ƙishirwa, kullum kakari. Tsofaffi sun ce beli na, ya sauko. Ni dai na ce mu biyo ta nan tukun, tunda haƙori ma na damun ta."

Kun san beli, ɗan naman nan da ke reto can ƙarshen ganɗa. A wajenmu in maƙogwaro ya bushe, ko tari ya ƙi ji, ko mutum na ramewa, shi ake kamawa da laifi, a kira wanzami ya yanke.

Na sa madubi, ya manne, ga farin nan mai kama da kindirmo ya rufe ganɗa. Na haska tocila: belinta na nan ɗan ƙarami, bai yi wa kowa komai ba. Amma dasashin ya kumbura, ya yi ja kamar gauta ta nuna. Na ɗan taɓa da auduga, jini ya taso. Na danne, na ɗaga, shina nan. Na sake dannewa. Ya daɗe kafin ya haƙura.

Na yi tambayar barci. Malam Bawa ya zaro kwali daga aljihun gaba, ya ce a Gusau anka ba ta, shi ke riƙewa, shi ke ba ta da hannunsa. Na duba, irin wadda bayan bushewar baki takan sa jini ya yi nawar tsayawa ce. Sannan ya zaro wata, ta kashe zafi, wadda ya saya a kemis saboda haƙorin. Waɗannan biyu in sunka haɗu, jini ba ya jin kira. Na ja fatar idonta, fari fat.

To ga inda aikin yake, ku da kunka ce filaya ce. In na ce wa Malam Bawa ƙwayar Gusau ce ta busar da bakin, na san abin da zai biyo baya. A Shinkafi na ga gidan da wani ya gaya musu haka, ran nan sunka zuba ta masai. Bakin ya warke sarai. Mai bakin ne damuwar ta dawo mishi, ba a daɗe ba anka yi mishi sutura. In kuma na yi shiru, beli na nan shina jiran aska.

Sai na bi ta tsakiya. Na ce, "Malam Bawa, ba beli ba ne, na duba. Kada a bari ƙarfe ya shiga bakin nan. Ta kemis a daina, ta Gusau kada a fasa ko kwana ɗaya. Ga maganin ɗigawa na farin nan, ku dawo ran kasuwa in wanke dasashin, daga nan mu koma wurin likitanta tare."

Ya ce, "To, likita." Ku kiyayi wagga "to". Akwai "to" ta na ji, akwai "to" ta ka gama in tashi. Tasa ta biyun ce.

Ran kasuwa ba su zo ba. Da la'asar sai ga Ɗan Ige, mai kabu-kabun da ya kawo su, wani tsohon abokin cinikina da na raba da turame biyu bai yafe mini ba. Ya leƙo ta taga.

"Mai filaya, kana nan kana cin zalin bayin Allah?"

"Ina nan ina jiran sauran naka. Ina mutanen da ka kawo mini?"

"Su Bawa? Ai sun gama shawara. Gobe da hantsi Sarkin Aska zai cire mata abin. Har an jiƙa geron kunu."

Ƙauyen ba sabis, balle in kira. Kuma kun san dokar hanyar nan, ba a rubuta ta ba amma kowa ya haddace: ba ka fita da sassafe. Sai ka tsaya bakin gari har wani ya fito daga can, ka tambaye shi lafiyar hanya. Wanzami kuwa da hantsi yake aiki, kafin rana ta yi zafi jini ya tsinke. Wato lokacin da hanya ke buɗewa, lokacin ake gama yanka.

Na ce, "Ɗan Ige, gobe in an sallame asuba ka zo."

Ya daina dariya. "Likita, gero ya rufe mutum hwa."

"Na sani."

"Ina da ɗiya."

"Ita ma tana da su."

Ya tsaya shina kaɗa makulli a yatsa. Can ya ce, "In anka kama mu, ni cewa zan yi kai ne mai kuɗin."

Mun fita gari bai gama washewa ba, ba mu tarar da kowa bakin hanya ba balle mu tambaya. Na cire farar riga na cusa cikin buhu tare da auduga da tocila, don farar riga a dajin nan kira ce. Da munka bar kwalta, gero ya haɗe hagu da dama, ya fi mu tsawo har muna kan babur. Ba ka ganin komai sai 'yar siririyar hanya da sama. Ɗan Ige mai surutu kamar rediyo ya ƙura wa hanya ido. Wani wuri munka ga sawun babura da yawa sun ratsa laka sun shige cikin gona, sabo, ruwa bai ko kwanta cikinsa ba. Ya kashe inji. Munka sauka muna turawa, muna jin ƙarar sarƙa kamar ganga. Ganye ya motsa gabanmu, munka tsaya cak. Jaki ne, da igiya a wuya, ba mai shi. Ban san dalili ba, jakin nan ya fi sawun ba ni tsoro.

Rana ta ɗaga sanda munka shiga garin. Ban tsaya dogon sallama a zaure ba, na ce likita ne, na kutsa.

An zaunar da Kulu kan turmi a kife tsakar gida. Wata gwaggonsu ta tsaya bayanta ta riƙe kan da hannu biyu. Ga ƙwaryar toka a gabanta ta tofa jini, ga kunu na tafasa kan murhu. Sarkin Aska ya shimfiɗa zabirarsa, ya riga ya danne harshen da ɗan itacensa, 'yar lanƙwasasshiyar askar na ɗaya hannun. Tsoho ne da na sani, mun sha haɗuwa wurin suna, shi ya yi wa rabin garin kaciya.

Ya waiwayo. "A'a! Ɗan boko mai filaya. Haƙori ya ƙare birni ka biyo mu ƙauye?"

Na durƙusa, numfashi bai dawo mini ba. "Ranka ya daɗe, Sarkin Aska. Aiki na zo gani. Amma don Allah ara mini bakin nan kaɗan, in nuna maka wani abu, sannan ka ci gaba."

Malam Bawa ya taso. "Likita, mun gode, amma wagga ba taku ta ba."

Tsohon ya ɗaga mishi hannu. "Bar shi. Wanda ya biyo hanyar nan da sahe ba ya rasa magana."

Na wanke hannu, na ɗauki auduga, na ce, "Kulu, yi haƙuri." Na share dasashin ƙasa sau ɗaya, yadda za ka share wa jariri baki. Jini ya taso. Na danne, muna kallo. Na ɗaga, ya biyo. Na canza auduga. Na tambayi Malam Bawa ko an daina ta kemis, ya ce tana kukan haƙori, ya za shi yi. Na sake canza auduga. Na jera jajayen audugar kan toka inda kowa zai gani.

Na ce, "Sarkin Aska, wannan auduga ce kawai, kuma wurin da yatsana ke kaiwa ne. Kai can ciki za ka yanka, inda ba mai iya dannewa. Inda ake ƙarin jini kuma sai Kaura, ta hanyar da na biyo."

Tsohon ya matso, ya karɓi tocilata, ya leƙa da kansa. Ya daɗe. Sannan ya goge askar a gefen riga duk da ba ta taɓa komai ba, ya mayar zabira, ya ɗaure.

"Bawa, jinin da bai tsaya ga auduga ba, ba shi tsayawa ga toka. Ni ban yi."

Na ji kamar an sauke mini buhu. Ashe ban ma fara ba. Malam Bawa ya juyo gare ni, idonsa ja, mutum ne da ya gaji da ɗaukar kaya shi kaɗai.

"To likita, kun hana. In ba beli na ba, mi na? Ƙanwata na bushewa gabana kamar kuka. Hwaɗa mini mi na."

Na duba gabas na duba yamma, ba wata hanya ta tsakiya da ta rage. Gaban Sarkin Aska, gaban gwaggo, in na yi kwana-kwana, gobe wani wanzamin za a nemo daga wani gari. Na ce, "Ƙwayar Gusau ce ke busar da bakin. Amma ka saurare ni, ita ce kuma..."

Bai ji amma ba. Ba wanda ke jin amma. Hannunsa ya riga ya shiga aljihu. "Awo! Ashe da hannuna nike kashe ta!" Ya zaro kwalin ya nufi murhu. Na miƙe ina cewa Malam Bawa, Malam Bawa, Ɗan Ige ya sha gabansa, Malam Bawa ya ture shi. Ya kai hannu saman wuta.

"Yaya."

Ba mu gane muryar ba da farko. Kamar an taka busasshen kara. Kulu ce. Ta miƙa hannu wajen buta, gwaggo ta ba ta, ta kurɓa, ta jujjuya a baki, don in ba haka ba harshen ba ya tashi.

"Yaya, kahin ka hwara ba ni ƙwayar nan, ka tuna kullum ni ke zuwa rijiya? Har kana ce ma Gwaggo na ji sauƙi, tunda ina hita."

Ya ce, "Na tuna."

"Ba ruwa nike zuwa ɗiba ba. Zurhinta nike dubawa."

Gwaggo ta saki salati ƙasa-ƙasa. Hannun Malam Bawa na nan saman wuta har na ga gefen kwalin ya fara lanƙwashewa.

Ta sake kurɓar ruwa. "Yanzu in na tahi, guga nike sakawa in jawo in dawo gida. Bar mini abina. Bakin ya bushe."

Ya janye hannun. Ya zo ya tsuguna gabanta, ƙaton mutumin nan, ya rasa inda zai sa ido. Ya buɗe tafinta ya sa kwalin, ya rufe da nasa. Daga ranar ita ke riƙe da maganinta.

Sauran aikin irin wanda kuke rainawa ne. Mun je Gusau tare, likitanta ya duba, ya gyara yadda za ta riƙa sha, ya ce ba za a canza ba tunda ta karɓe ta. Anka ba ta maganin ƙarin jini. Na wanke dasashin kaɗan-kaɗan, zuwa bayan zuwa. Na raba ta da minti, na haɗa ta da 'yar gorar ruwa ta riƙa kurɓa, da man kaɗanya a leɓe, da aswaki mai laushi, da man goge baki safe da dare. Tuwo kuma na ce a riƙa yi mata da miyar kuɓewa ko karkashi, yauƙin ya raka loma. Turamen da sunka riga sunka mutu na cire su bayan jinin ya dawo hayyacinsa. Farin ya tafi, kumburin ya sauka. Bushewar dai ba ta tafi ba, kuma na gaya mata gaskiya, muddin tana sha, da wuya ta tafi duka.

Bayan kaka anka tashi garinsu. Dare ɗaya, kowa ya kama gabansa. Wasu sunka ce su Bawa sun yi wajen Zurmi, wasu sunka ce sun tsallaka iyaka. Ranar zuwanta ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ni kuma abin da ke raina ɗaya ne: kwali ƙarewa yake, kuma mai gudun rai ba ya tsayawa neman kemis. Duk garin da sunka sauka akwai rijiya. Duk wanda ya zauna kan kujerar nan daga wancan yanki, kafin in ce buɗe baki sai na tambaye shi ko ya san wani Bawa dogo mai ƙanwa Kulu. Ba wanda ya sani.

Sai ana gab da azumi, ina tsakiyar dafa kaya, Ɗan Ige ya leƙo ta taga, ya yi baƙi ya rame.

"Mai filaya, na kai fasinja Shinkafi, na ga mutanenka bayan tasha. Ta ba ni saƙo, amma ni ban ga abin aike a ciki ba. Ko gaisuwa babu."

Na ajiye abin da ke hannuna. "Me ta ce?"

"Ta ce in gaya ma likita, bakin na nan a bushe."

Na zauna kan kujerar marasa lafiya. Na ce, "Alhamdu lillahi."